Macijin Kusugu a Allon Wasa: Shin Iska da Shaiɗan Sun Bambanta?

Gabatarwa

A ƙarshen daminar bara wani abokina da ya karanci ilimin kwamfuta ya same ni a gida, a Daura, da wani zane a cikin wayarsa. Shi da abokan aikinsa biyu suna so su mayar da labarin Bayajidda wasan kwamfuta, irin wanda ɗan wasa zai hau doki daga gabas, ya ratsa Borno, ya tsaya Gaya maƙera su ƙera masa wuƙa, sannan ya iso bakin rijiyar Kusugu cikin dare. Zanen da ya nuna mini na macijin rijiyar ne. An yi masa ƙahoni biyu da jajayen idanu, wuta tana fita daga bakinsa, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta Shaiɗanin Kusugu. Na tambaye shi wanda ya gaya masa cewa macijin shaiɗan ne. Ya ce ai haka ƙa'idar wasa take: halittun ɓoye kashi biyu ne, akwai ruhohi masu taimakon ɗan wasa, akwai kuma shaiɗanu da ake kashewa a sami maki, kuma tunda Bayajidda ya sare kan wannan, ba sai an tambayi kashin da ya faɗa ba.

Amsar ta tsaya mini a rai, domin yaran da za su buga wannan wasa idan ya fito, da yawansu daga gare shi za su fara sanin labarin, kafin su ji shi daga bakin kakanninsu. Suna linzami ne, inda aka ja shi nan labari yake bi. Saboda haka wannan maƙala za ta duba rabon da wasannin almara suke yi tsakanin ruhi da shaiɗan, ta auna shi da ma'auni biyu: abin da wasannin da kansu suke aikatawa, da kuma abin da harshen Hausa da adabinsa suka daɗe da sani game da mutanen ɓoye. Matsayina shi ne cewa bambancin yana nan, amma bambanci ne na hali da hulɗa, kuma wasan da ya mayar da shi bambancin jinsi ya rage wa labarinsa daraja, ko da ya sauƙaƙa wa mai riƙe da maɓallan wasa.

Kalmomin da Muka Gada

Bahaushe bai taɓa wadatuwa da kalma ɗaya ba wajen ambaton halittun da ba a gani. Mafi tsufa a bakinsa ita ce iska, jam'inta iskoki, wato abin da ke kaɗa ganye ba a ganinsa. Kalmar ba ta ɗauke da hukunci, domin iskar da ke koro hadari zuwa gona ita ce ke yaye jinkar ɗaki. Da Musulunci ya kafu sai aka sami aljani, da rauhani, da ifiritu, da shaiɗan, da Iblis. Dodo ya tsaya a tatsuniya da tsoratar da yara, fatalwa kuma ta shafi mamaci. Idan ana jin nauyin kama suna, sai a ce mutanen ɓoye, kuma abin lura ne cewa mutane aka kira su.

Alƙur'ani ya tsara waɗannan kalmomi a hanyar da mai nazarin adabi zai amfana da ita. A Suratul Jinni aljanu da kansu ne suke bayyana cewa a cikinsu akwai na kirki akwai waɗanda ba haka ba. A Suratul Kahfi, aya ta 50, an nuna cewa Iblis daga cikin aljanu yake, kuma saɓa wa umarni ne ya fitar da shi. A Suratul An'am, aya ta 112, an ambaci shaiɗanu daga cikin mutane da kuma daga cikin aljanu. A Suratun Namli kuwa, ifiritu ne ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin kawo gadon sarautar sarauniyar Saba, wato yana tsaye a fada cikin masu hidima. Idan aka haɗa waɗannan wurare, za a ga cewa aljani sunan jinsi ne, shaiɗan kuwa sunan matsayi ne da ake kaiwa ta hanyar aiki, kuma ɗan Adam ma yana iya kai wa can. Maganar yau da kullum ta kiyaye wannan tsari ba tare da ta sani ba. Idan aka ce wane aljani ne a lissafi, yabo ne. Idan aka ce shaiɗanin yaro ne, halinsa ake nufi, ba wanda yake shakkar cewa mace ce ta haife shi.

Kalmomin Turawa ma sun bi irin wannan hanya kafin su daskare. Wadda ake fassarawa da ruhi ta samo asali daga Latin, inda take nufin numfashi ko iska. Wadda ake fassarawa da shaiɗan kuwa daga daimon ta Girkanci take, kuma a wurin Girkawan da daimon halitta ce tsakanin mutane da alloli, tana iya kawo alheri tana iya kawo akasinsa. Masanin falsafa Sokiratis ya ce yana da wata murya irin wannan da ke tsayar da shi idan zai yi kuskure. Marubutan Kirista na ƙarnonin farko ne suka keɓe kalmar ga mugunta zalla, kuma wannan ma'ana ta baya ita wasanni suka gada.

Jadawalin Masu Wasa

Uban wasannin almara na zamani shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Wasa ne na zaman tebur, da takarda da 'ya'yan ƙuri'a masu fuskoki da yawa, inda mutum ɗaya yake ba da labari sauran suna taka rawar jarumai. Domin mai ba da labarin ya san yadda kowace halitta za ta yi ba tare da dogon tunani ba, sai aka ba kowace alama a kan ma'auni biyu: kirki ko mugunta, bin doka ko hargitsi. A littafin halittu na 1977 an raba shaiɗanu gida biyu, miyagu masu hargitsi da miyagu masu tsari. Aljanun da aka aro daga labaran Larabawa su ma aka yanka su bisa sinadarai: djinni na iska, efreeti na wuta, daga baya marid na ruwa da dao na ƙasa. Kalmomin da a asalinsu suke bayyana jinsi ɗaya da siffofinsa sun koma ƙabilu huɗu, kowace da halinta da aka rubuta mata tun kafin ta buɗe baki.

Wani abu da ya faru a 1989 ya tona asirin wannan jadawali. Bayan shekaru na ƙorafin wasu iyaye da malaman coci a Amurka cewa wasan yana koya wa yara bautar shaiɗan, kamfanin ya cire sunayen shaiɗanun daga bugu na biyu. Ba da jimawa ba halittun suka dawo da ƙahoninsu da fukafukansu, sai dai yanzu ana kiran su tanar'ri da baatezu. An canza suna, ba a canza komai a aikinsu ba, wasa kuma ya ci gaba kamar da. Wannan ya nuna cewa a irin wannan tsari kalmar shaiɗan ba ta ɗauke da wani tunani game da asalin mugunta. Aikinta ɗaya ne: ta shaida wa ɗan wasa cewa wannan halitta ana iya kashe ta ba tare da an tambayi dalili ba, kuma ba abin da zai biyo baya sai lada.

Wasan da ya Yi wa Kansa Tambaya

Ba duk wasanni ne suka gamsu da wannan ba. Jerin Dragon Age na kamfanin BioWare da ke Kanada, wanda ya fara a 2009, ya ɗauki tambayar ya sa ta a tsakiyar labarinsa, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. A duniyar wasan akwai daular mafarki da wani labule ya raba ta da duniyar mutane. Mazaunanta ba su da siffa tasu, suna kwaikwayon abin da suka gani a zukatan masu barci. Wanda ya riƙe jarumta, ko adalci, ko imani, ko tausayi, ana kiran sa ruhi. Wanda ya riƙe fushi, ko yunwa, ko kasala, ko sha'awa, ko girman kai, ana kiran sa shaiɗan. Majami'ar da ke mulkin addini a duniyar tana koyar da cewa a guje musu, kuma tana tsare masu sihiri a hasumiyoyi don kada a shige su.

Daga nan sai marubutan suka fara warware rabon da hannunsu. A ƙarin da aka yi wa wasan farko a 2010, ɗan wasa yana haɗuwa da ruhin Adalci, wanda ya maƙale a gawar wani mayaƙi, mai gaskiya ne har ya kan ba da dariya saboda rashin sanin duniya. A wasa na biyu, na 2011, ruhin ya shiga jikin wani mai sihiri, Anders, da yardarsa, amma fushin da Anders yake yi da masu tsare 'yan'uwansa ya rine shi, Adalci ya koma Ramuwa, har ta kai ga tarwatsa majami'ar birnin Kirkwall da waɗanda ke cikinta. A wasa na uku, na 2014, akwai wani ɗan gajeren labari da ya fi kowanne kaifi. Wasu masu sihiri da ke tsoron 'yan fashi sun kira ruhin Hikima, suka ɗaure shi da duwatsun tsafi, suka tilasta masa kisa. Da aka sa shi abin da ya saɓa wa halinsa, sai ya rikiɗe ya zama shaiɗanin girman kai. Ɗan wasa yana iya barin yaƙar sa ya farfasa duwatsun, ruhin ya dawo hayyacinsa, ko da yake bai rayu ba bayan haka. A nan laifin na masu ɗaurin ne, kuma Solas, abokin ruhin, ya sha nanata cewa abin da mutum ya zo da shi a zuciyarsa shi yake tsara abin da zai tarar.

Wannan rubutu ne mai kyau, kuma ya kamata a yaba masa. Sai dai wasa ba a baki kawai yake magana ba, yana magana da hannu. A cikin wannan wasa na 2014 ɗin, aikin da ɗan wasa ya fi maimaitawa shi ne rufe ɓarakar da ta buɗe a labulen, kuma kafin a rufe kowace sai an karkashe halittun da suka zubo daga cikinta. Labarin da kansa ya sanar da mu cewa da yawansu ruhohi ne da aka fizgo ba da sonsu ba, firgici ya juyar da su. Duk da haka ba a ba ɗan wasa wata hanya ba illa sara, kuma kowane sara yana ƙara masa maki da kayan ganima. Tausayin da aka nuna wa ruhin Hikima sau ɗaya aka nuna shi, a wurin da marubuci ya zaɓa, sauran sa'o'in kuwa tsohon jadawalin 1977 ne yake mulki. Ga mai nazari, wannan shi ne babban rauni a aikin: ya gano cewa ruhi da shaiɗan asalinsu ɗaya, amma ya kasa barin wannan ganowa ta shiga ƙa'idojin wasan.

Birnin Jangare

Abin da marubutan Kanada suka kai gare shi da ƙyar, al'adar Hausa ta gina tsari guda a kansa tun da daɗewa, kuma abin mamaki shi ma wasa ake ce masa, wato wasan bori. Ina kawo shi nan a matsayin tsarin tunani da adabin baka, kamar yadda ake nazarin tatsuniya da kirari. A tunanin 'yan bori iskoki suna zaune a wani birni da ake kira Jangare, ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa a 1983, ya lissafa gidaje 12 a birnin, da auratayya da riƙon 'ya'ya a tsakaninsu. Akwai masu sarauta, akwai malamai, akwai kutare da makafi, akwai Fulani da Gwarawa da Buzaye. Wato Jangare hoton ƙasar Hausa ne da aka ɗauka daga bayan labule.

Kowace iska tana da kiɗanta na garaya ko goge, da kirarinta, da tufafinta, da kuma cutar da ake danganta mata. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta, amma ɗan caca ne mai ɓarnar dukiya. Malam Alhaji tsoho ne mai tasbaha da tari. Danko ɗan Musa da jan ciki yake zuwa kamar maciji. Inna uwa ce, da sunan uwa ake kiran ta, amma har yau cutar da ke shanye ƙafafun yara shan inna Bahaushe yake ce mata. Doguwa kuma akwai fara akwai baƙa. Muhimmin abu a nan shi ne cewa iskar da ta sa ciwo ita ake nema ta ɗauke shi. Bayan girka, wadda ta kwantar da mutum ita ce take zama abokiyar zamansa, shi kuma ya zama dokinta ko goɗiyarta, da sharuɗɗan da kowane ɓangare zai kiyaye. Da za a kawo jadawalin Gygax Jangare, da an rasa layin da za a sa Inna.

An taɓa gwada hakan kuwa. A 1914 wani jami'in Birtaniya, A. J. N. Tremearne, ya wallafa littafi kan bori bayan bincike a cikin Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus, kuma a ƙaramin taken littafin ya kira iskoki shaiɗanu, ya kira wasan rawar shaiɗanu. Bayanan da ya tattara suna da amfani har gobe, amma kalma ɗaya ta bangon littafin ta riga ta yanke hukunci kafin mai karatu ya buɗe shafin farko. Zanen da abokina ya nuna mini jikan wannan take ne, sai dai a wannan karon ɗan gida ne ya riƙe alƙalamin.

Rubutaccen adabinmu na farko bai yi wannan kuskure ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, jaruman suna shiga duniyar aljanu, kuma aljanun al'umma ce mai shugabanni, ana hulɗa da su, ana samun taimako daga wajensu. Marubutan biyu malamai ne masu ilimin addini, kuma ba su ga wani karo tsakanin imaninsu da wannan hoto ba.

Komawa Bakin Rijiya

Yanzu sai mu tambayi labarin Daura da kansa. Kamar yadda aka saba ba da shi, baƙo ya sauka cikin dare a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce babu, domin macijin da ke cikin rijiya, mai suna Sarki, ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙon ya karɓi guga ya tafi, macijin ya fito, ya sare masa kai. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin, masu ƙarya suka kasa kawo kan, baƙon ya kawo, aka ɗaura musu aure. Daga zuriyarsa, ta wajen Bawo, ake lissafa sarakunan Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, a haɗa da Biram a sami Hausa Bakwai.

Mene ne laifin macijin a cikin wannan labari? Bai yaudari kowa ba, bai yi wa kowa waswasi ba, bai nemi a saɓa wa Ubangiji ba, waɗanda su ne ayyukan da aka san shaiɗan da su. Abin da ya yi shi ne kafa doka a kan ruwa: rana ɗaya a mako. Doka ce mai tsanani, ta sa tsohuwa ta kwana ba ta da abin ba baƙo, kuma labarin bai ɓoye cewa mutanen gari sun yi murna da ƙarewarta ba. Amma duk wanda ya san rani a wannan yanki da ke bakin iyakar Nijar ya san cewa rijiya ɗaya ga gari guda ba ta rayuwa ba tare da mai tsaro ba. Garin kuma bai watse ba, yana da sarauniya, yana da jerin sarauniyoyi da ake farawa da Kufuru. Akwai yarjejeniya ke nan, ko da mai ɗaci ce, tsakanin gari da mai rijiya. A bayanan da Joseph Greenberg ya tattara a wurin Maguzawan Kano, waɗanda ya wallafa a 1946, akwai Gajimare, iska mai siffar maciji da ake dangantawa da rijiyoyi da bakan gizo. Macijin Kusugu ya fi kama da irin wannan mai riƙe da ruwa fiye da yadda ya yi kama da Iblis.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin sunan. Macijin Sarki ake ce masa, wanda ya kashe shi aka kira shi Makas-Sarki, kuma ruwayar ta ce daga nan kalmar sarki ta zama laƙabin masu mulki. Ko masana harshe sun yarda da wannan asali ko ba su yarda ba, abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne cewa al'umma ta zaɓi ta ba da labarin a haka. Babu al'ummar da za ta ɗauki sunan shaiɗan ta naɗa wa shugabanninta rawani da shi. Abin da labarin yake nunawa shi ne iko ya tashi daga hannu ya koma wani hannu: daga rijiya zuwa fada, daga sarauniyoyi zuwa sarakuna maza, daga ɗan ƙasa zuwa baƙon da ya zama suruki. Wanda ya yi wa macijin ƙaho ya share wannan duka, ya bar mana labarin wani jarumi da ya kashe wata dabba, irin wanda ake samu a kowace ƙasa.

Wani Hanzari ba Gudu ba

Za a iya kawo suka uku a kan wannan matsayi, kuma kowace tana da nauyi. Ta farko ita ce Bahaushe ma ya raba iskoki farare da baƙaƙe, to ina bambancinsa da mai jadawali? Gaskiya ne an raba, kuma Greenberg ya nuna yadda ake danganta farare da gari da Musulunci, baƙaƙe da daji da maguzanci. Amma rabon ya fi kama da na unguwa da asali. Farar iska tana cutarwa idan aka saɓa mata, baƙa kuma ana lallashin ta a zauna lafiya. Launin yana faɗa wa mutum irin taka-tsantsan da zai yi, bai ba shi izinin kisa ba.

Ta biyu ta fi tsanani: malamanmu sun daɗe da hukunta bori, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki yanka wa itatuwa da duwatsu a rubuce-rubucensa, jihadin da ya fara a 1804 kuma ya iso har Daura. Ashe wannan maƙala ba wanke abin da aka haramta take yi ba? Amsata ita ce hukuncin ya faɗa ne a kan aikin ɗan Adam, wato ba wa halitta abin da yake haƙƙin Mahalicci. Bai mayar da kowane aljani shaiɗan ba, domin nassi ya riga ya ce akwai muminai a cikinsu. Mutum yana iya ƙin bori ƙi na gaskiya, kuma ya ƙi yarda a yi wa kalmomi ƙarya. Hasali ma wanda ya tattara mugunta duka ya ɗora wa wani jinsi mai ƙaho ya manta da shaiɗanun mutane da aka ambata tare da na aljanu a aya ɗaya.

Ta uku ita ce ta abokina: wasa yana bukatar abokin gaba, ba wanda zai biya kuɗin data don ya zauna sulhu da maciji. Wannan ma gaskiya ce, kuma ban nemi a hana Bayajidda zare wuƙarsa ba, tunda labari ya ce ya zare. Abin da nake nema shi ne kisan ya kasance yana da farashi a cikin ƙa'idar wasan. A bar ɗan wasa ya kwana a Daura ya ga layin tuluna ranar Juma'a, ya ji tsohuwar da ke tsine wa macijin da kuma wadda ke tsoron abin da zai faru idan babu shi. Idan ya sare kan, a miƙa masa sunan tare da nauyinsa: rani ya zo, ruwa ya ja baya, makiyaya da masu rini da matan gida kowa ya zo da guga, shi ne kuma zai ce wa wani yau, ya ce wa wani sai gobe. A ranar da ɗan wasa ya sami kansa yana kafa wa mutane ranar ɗiban ruwa, ya fahimci labarin fiye da yadda kowace lacca za ta fahimtar da shi.

Kammalawa

Maƙalar ta bi tambayar ta wurare huɗu. A harshe da nassi, aljani ko iska sunan jinsi ne, shaiɗan kuma sunan hali. A Dungeons & Dragons an mayar da halin jinsi don sauƙin wasa. A Dragon Age an gane kuskuren a cikin labari, aka bar shi a cikin ƙa'ida. A Jangare da Kusugu kuwa halittar ɓoye maƙwabciya ce mai haƙƙi da sharri, kuma abin da ke tsakaninta da mutane yarjejeniya ce da ake kiyayewa ko a karya. Saboda haka iska da shaiɗan sun bambanta, irin bambancin da ke tsakanin mutum da azzalumi, wanda ba a gane shi da kallon fuska sai an ga aiki.

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin birnin Daura, an kewaye ta da gini, baƙi suna zuwa suna shan ruwanta kowace rana ta mako. Matasan da ke son kai labarinta allon waya suna da dama da magabatansu ba su samu ba, kuma suna da abin da masu rubuta wasanni a Amurka da Kanada suka yi shekaru suna lalube. Da na gama yi wa abokina wannan bayani ya goge ƙahonin, ya bar jajayen idanun, ya ce su kam sai na kawo masa hujja daga bakin tsofaffin unguwar Kusugu. A ƙarƙashin zanen kuma ya share abin da ya rubuta da farko, ya sa sunan da labarin ya ba macijin tun asali: Sarki.